Manomi Ya Sauke Nasa Nauyi, Saura Alhaji da Ma'aikaci

 

A wannan mako za mu tattauna ne a kan wata magana wadda ta daɗe tana yawo a gidajen rediyo da manyan tarurruka, amma har yanzu da yawa daga cikinmu suna ɗaukar ta zancen Turawa ko na masu neman kuɗin furoje, wato maganar ɗumamar duniya. In ka tayar da ita a rumfar kasuwa, sai a ce maka zafi na Allah ne, kuma tun kaka da kakanni mutumin Maraɗi ke shan rana da bazara. In ka tayar da ita a buro, sai a ce maka ai an riga an yi taron ƙara wa juna sani a kanta, har an rubuta rahoto. Duka amsoshin biyu suna da ƙamshin gaskiya, sai dai babu wadda ta taɓa hana ruwa cin gida ko ta hana gero ƙonewa a gona.

Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024, ruwan sama na kimanin milimita 150 ya zuba a birnin Maraɗi cikin sa'a ɗaya da rabi. Garin da a shekara ta kirki yake samun wajen milimita 500 a damina gaba ɗaya, sai ga shi ya karɓi kusan kashi ɗaya cikin uku na rabonsa kafin a gama tuƙa tuwo. Mutum 15 aƙalla suka rasa rayukansu, gidaje suka rushe, hanyoyi suka yanke. A faɗin ƙasa kuwa, ambaliyar wannan damina ta yi sanadin mutuwar mutane fiye da 300, ta taɓa sama da mutum miliyan ɗaya, ta kayar da tsohon masallacin Birni na Damagaram, har ta sa gwamnati ta ɗage komawar yara lakkwal zuwa 28 ga Oktoba. Kafin wannan ruwa, cikin Afrilun shekarar, an yi zafin da ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayi na ƙasar Mali, ana tsakiyar azumi, asibitocin Bamako suka cika da tsofaffin da zafi ya kayar. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuwa namu gemun ya riga ya fara hayaƙi.

Wani zai ce ambaliya ba baƙuwar Maraɗi ba ce, kuma bai yi ƙarya ba. Dattawa sun san cewa asalin garin a cikin fadama yake, sai da Gulbi ya cinye shi a 1945 sannan aka hau da shi bisa tudu, aka yanka masa waɗannan miƙaƙƙun hanyoyi da muke bi yau. Fari ma mun san shi: na 1973 ya karkashe dabbobi, na 1984 ya kawo yunwar da jama'a suka laƙaba wa suna El Buhari, sa'an nan aka sake shan wuya a 2005. Abin da ya sauya shi ne yawan aukuwar waɗannan abubuwa da tsananinsu. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ruwa yana zuwa, amma ba ya zuwa da tsari: a yi shuka, a yi kwana ashirin ana kallon sama, sa'an nan na wata guda ya sauka cikin dare ɗaya.

Mene ne ɗumamar duniya?

Ga yadda abin yake a taƙaice. Allah ya lulluɓe duniya da wani mayafi na iska, wanda ke barin hasken rana ya shigo, ya kuma riƙe wani kashi na zafin kada ya koma sama gaba ɗaya. Ba don wannan mayafi ba, da duniya ta daskare. Ɗaya daga cikin zaren da aka saƙa shi da su ita ce iskar da masana ke kira gaz karbonik, wadda ke fita duk lokacin da aka ƙona gawayin ƙasa, ko isansi, ko gazuwal, ko icce. Tun da Turai ta kafa masana'antu, yau shekara fiye da 200, ɗan'adam yake tono abin da ke binne a ƙasa yana ƙonawa. Kafin wannan zamani, in ka kasa iska kashi miliyan, kashi 280 ne na gaz karbonik. Yanzu ya haura 420. Mayafi ya zama bargo. Duk wanda ya taɓa barin mota a rana da gilasai rufe a bakin babbar kasuwa, ya dawo ya buɗe ta da azahar, ya san abin da ake nufi.

Hukumar duba yanayi ta duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara awo, inda zafin ya ɗara na kafin masana'antu da kimanin digiri ɗaya da rabi. Kada mai karatu ya raina digiri ɗaya da rabi. A jikin mutum ma, tsakanin lafiya da zazzaɓi tazarar ba ta wuce haka ba. Bugu da ƙari, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa na kimanin kashi 7 cikin 100. Wannan shi ya sa abu ɗaya ke haifar da masifa biyu masu kama da kishiyoyi: iska mai zafi tana tsotse laimar gona da sauri, kuma in ta tashi zubar da abin da ta tsotsa, sai ta zubar da shi lokaci guda.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa ba kowace matsala tamu ba ce za a rataya wa ɗumamar duniya. Gulbin Maraɗi, wanda ke shigowa daga ƙasar Katsina ya ratsa ta Madarunfa da Jiratawa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji kafin ya sake komawa Nijeriya, ya rage malala a fadama tun da aka gama madatsar ruwa ta Jibiya. Yawan jama'a ma ya ƙaru ƙwarai: ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 260,000 a birnin Maraɗi kaɗai. Gona ta tsuke, hutun ƙasa ya ƙare, buƙatar icce ta ninka. Ɗumamar duniya ta zo ne ta tarar da bango a tsage.

Ba mu muka hura wutar ba

Akwai wata hujja da nake yawan ji daga bakin masu ilimin boko, cewa tun da ba mu muka ɓata ba, ba mu za mu gyara ba. Rabin farko na wannan magana babu ja a cikinsa. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na gaz karbonik ɗin da duniya ke fitarwa daga mai da gawayin ƙasa. In aka raba abin da Nijar ke fitarwa ta wannan hanya a kan ƴaƴanta, kowa zai tashi da kimanin kilo 100 a shekara, wato nauyin buhun gero guda. Ba'amurke ɗaya yana fitar da fiye da buhu 130. An yi taron Riyo a 1992, an yi na Kiyoto a 1997, an amince da yarjejeniyar Paris a 2015 da alkawarin tsayar da ƙarin zafi ƙasa da digiri 2. A Kwapanhagan, a 2009, ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin tara dalar Amurka miliyan dubu 100 kowace shekara kafin 2020 domin ƙasashe irin namu, ba su cika ba sai da wa'adin ya wuce. Amurka ta fita daga yarjejeniyar Paris a 2020, ta dawo a 2021, sa'an nan a Janairun 2025 shugabanta ya sake sa hannu a takardar ficewa. Haƙƙinmu ne mu nemi diyya, kuma wajibin wakilanmu ne su ɗaga murya a duk inda aka zauna.

Amma wanda gobarar maƙwabci ta tsallako gidansa ba ya zama jiran shari'a kafin ya ɗauki guga. Abin da za mu yi a nan ba zai sanyaya duniya shi kaɗai ba. Zai dai sanyaya tsakar gidanmu, ya riƙe ƙasar gonarmu, ya buɗe wa ruwa hanya. Kuma babu inda ya kamata a fi gane haka kamar Maraɗi, domin a nan ne aka yi wani aiki da duniya ke zuwa koyo.

Darasin sassaben zamani

A watan Mayun 1984, zamanin Janar Seyni Kunce, aka kira babban taron ƙasa a kan yaƙi da hamada a nan birnin, wanda ya haifar da abin da ake kira Alkawarin Maraɗi. Kafin lokacin an kashe maƙudan kuɗi wajen raino da dasa itatuwa, mafi yawansu kuma suka mutu, rana ta ƙona wasu, awaki da gara suka cinye saura. A daidai wannan lokaci ne wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa ƴan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta buƙatar ko dala: manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabba da gatari. Saiwar da ta riga ta kai ga laima ita za ta yi sauran aikin.

Da farko an yi wa waɗanda suka karɓa dariya, domin a wancan zamani gona mai tsabta ita ce wadda ba ko kara a tsaye. A lokacin yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare da yawa suka sare abin da suka bari. Amma waɗanda suka daure sun ga amfani: iska ta daina binne shuka da rairayi, mata suka samu icce a bakin gona, dabbobi suka samu ganye da rani, a ƙarƙashin gawo kuwa gero ya fi na ko'ina kyau, saboda gawo yana zubar da ganyensa da damina ya takince ƙasa ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba. Gani ya kori ji. Daga manomi zuwa manomi abin ya bazu, aka sa masa suna sassaben zamani. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye har kwamitocin tsaron itatuwa aka kafa, maza da mata da makiyaya. Hukuma ma ta sassauta: a da manomi na tsoron barin icce a gonarsa don kada ma'aikatan gandun daji su ci shi tara ranar da ya datse reshe, amma dokar daji ta 2004 da wata doka ta 2020 sun ƙarfafa haƙƙinsa a kan abin da ya rena.

Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun kiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200, tare da ƙarin hatsi na kusan tan 500,000 a shekara. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yakuba Sawadogo, manomin nan na Burkina Faso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya yana zuƙe gaz karbonik daga iska yana adana shi a jikinsa. Wato talakan da bai taɓa shiga jirgin sama zuwa taron yanayi ba, bai taɓa karɓar kuɗin zama ba, ya riga ya biya bashin da bai ci ba.

To, mu fa na birni?

Mu da muke karanta jarida, mu ne muka fi kowa cin icce ba tare da mun rena ko ɗaya ba. Kowace safiya amalanke da kamyo suna shigowa da shi, mai yawa daga dajin Baban Rafi, ana sauke shi a ƙofar gidajen da ke da halin sayen gaz. Tun 2011 matatar mai ta Damagaram take fitar da gaz na girki a cikin ƙasarmu. Maigidan da ke iya sayen babbar salula da shadda mai tsada, amma ya bar uwargida tana fama da hayaƙi a kan duwatsu uku, ba talauci ne ya hana shi ba. In ma gaz ya yi nauyi, ko ya yanke a kasuwa kamar yadda yakan yi, akwai murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi da maƙeranmu suka iya ƙerawa tun shekarun 1980, da murhun laka da ke tsare wuta daga iska. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a kashe ragowar icce da zarar an sauke. Da yayyafi kogi kan cika.

Ga alhazanmu, Allah ya ƙara buɗi, akwai magana uku. Ta farko, gonakin da kuke saye a kewayen gari, ta hanyar Tibiri da ta Ɗan Isa: kada abin farko da zai shiga cikinsu ya zama tarakta mai tumɓuke kututture. Wannan kututture jari ne wanda wani ya bari, ku tambayi ƴan ƙwadagonku, sun fi ku sanin yadda ake renonsa. Ta biyu, leda. Doka ta hana shigo da ledar nan maras kauri da sayar da ita tun Nuwamban 2014, amma kowa ya san abin da ke rataye a ƙayoyin bakin gari, da abin da ake fiddawa daga cikin tumbin dabbobi a mahauta, da abin da ke toshe kanibo. Ruwan milimita 150 zai yi ɓarna ko a wane gari, amma ɓarnarsa a garin da magudanansa suke cike da leda da shara ta fi. Ta uku, faifan hasken rana. Garin da ya ɗanɗani yankewar lantarki daga Nijeriya a 2023 ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan amfaninsu, ga shi kuma kowace lita ta gazuwal da gurup ya sha tana sakin fiye da kilo biyu da rabi na gaz karbonik. Sai dai a shigo da masu inganci. Ɗan kasuwar da ya sayar wa mai lambu a Jiratawa faifai da famfon da za su mutu cikin wata shida, ya ci ribar yini ɗaya ya kashe kasuwar shekara goma. Wannan fili na noman rani, mai kimanin hekta 500, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, da ruwan rijiyoyin burtsatse yake rayuwa, kuma zogalen da muke ci da wanda ake lodi zuwa wasu garuruwa daga irin waɗannan lambuna yake fitowa.

Ga ƴan'uwana ma'aikata kuwa, namu nauyin yana bakin alƙalami. Na'urar sanyaya ɗaki da ake bari tana aiki a buro babu kowa, da fitilar da ke kwana kunne, da motar hukuma da ake bari tana ruri a inuwa don direba ya sha sanyi, duk ƙananan abubuwa ne da kowa zai iya gyarawa gobe da safe. Babban abu shi ne fili. Ruwa ba ya mance hanyarsa. Duk wanda ya sa hannu aka yanka fuloti a kan hanyar ruwa ko a bakin ƙorama, ko ya kau da kai aka yi gini a kan magudana saboda mai ginin babba ne, to yana da kaso a cikin abin da zai faru ranar da hadari ya haɗo. Kakanninmu sun bar fadama a 1945 bayan sun sha wuya. Bai kamata jikokinsu masu digiri su mayar da jama'a cikinta da takarda mai hatimi ba.

Haka nan bikin 3 ga Agusta. Tun 1975 ƙasarmu take raya ranar samun ƴancin kai da dashen itatuwa, al'ada ce mai kyau da ba kowace ƙasa ke da irinta ba. Amma a tambayi kowace ma'aikata, cikin waɗanda ta dasa bara nawa ne ke da rai? Ya kamata rahoto ya daina ƙirga ramukan da aka gina, ya koma ƙirga itatuwan da suka ga damina ta biyu. Mushen da ya damƙa wa kowane ɗalibi icce guda ya rena har ya gama lakkwal, ya fi wanda ya dasa ɗari gaban kyamara. Malamanmu kuma, waɗanda ke karantar da mu cewa icce da mutum ko dabba ko tsuntsu ya amfana da shi sadaka ce ga wanda ya dasa, da sun riƙa tunatar da jama'a haka a kan mumbari lokacin sassabe, da an ga bambanci. Sarakunanmu na Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tibiri suna da muryar da ta fi ta kowace sanarwa isa ƙauye.

Saura abin da ya shafi kowane gida. Kafin ruwan farko, maƙwabta su haɗu su yashe magudanar ƙofarsu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ginin laka ya duba gindin bangonsa da indararo. Mai sabon gini ya bar wa bedi ko mangwaro wuri kafin ya malale tsakar gida da siminti, domin ɗakin kwano da babu inuwa a kansa tanda ne a watan Afrilu. In zafi ya tsananta, a kula da tsofaffi da jarirai da masu ciwon suga da hawan jini, a ba su ruwa tun ba su nema ba, a kuma sassauta wa ƴan dako da leburori aikin tsakar rana. Mai gona ya saurari hasashen damina da ma'aikatar meteyo da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke bayarwa, ya kuma nemi iri mai saurin nuna irin wanda cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna ta daɗe tana aiki a kansa. Yin haka bai saɓa wa tawakkali ba, shi ne ɗaure raƙumi kafin a bar wa Allah tsaronsa.

Maraɗi ta yi suna da gyaɗa, ta yi suna da alhazai, yau kuma a wajen masana daji na duniya ta yi suna da manoman da suka mayar da fako gona. Abin kunya ne a ce mutanen Habasha da Kenya suna aiki da darasin da aka fara a bayan garinmu, mu kuwa da ke cikin gari ba mu san da shi ba. Kowa ya dubi gidansa, da rumfarsa, da buronsa, ya zaɓi abu guda da zai fara da shi a wannan mako.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.